Jeanine Mabunda da makullin da Kabila ya ba ta ajiya

Ranar Litinin 7 ga Disamban 2020, wasu 'yan majalisar dokokin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, manya da su sanye da kwat, suka haye dandamalin da shugabannin majalisa ke zama, suka kifar da tebura, suka yi wurgi da kujeru. Washegari faɗan ya fito har harabar ginin. Magoya bayan Shugaba Félix Tshisekedi da na tsohon shugaba Joseph Kabila suka yi ta jifan juna da duk abin da hannu ya kai gare shi, aka ji wa wasu ciwo, sai da 'yan sanda suka shiga tsakani. Ginin da aka yi wannan abin kunya a cikinsa shi ne wanda Chaina ta gina wa shugaban ƙasar na lokacin, Mobutu, a shekarun 1970, wanda ake kira Palais du Peuple, wato Fadar Jama'a. Duk kuwa a kan kujerar mace ɗaya ake wannan ɗauki-ba-daɗi. Ranar Alhamis 10 ga wata aka kaɗa ƙuri'a: mutum 281 suka ce Jeanine Mabunda ta sauka daga shugabancin majalisar, 200 suka ce a bar ta.

Ko wata ashirin ba a yi ba da waɗannan 'yan majalisa suka ɗora ta. Ranar 24 ga Afrilun 2019, cikin ƙuri'u 383 da aka kaɗa ta kwashi 375, ta zama mace ta farko da aka zaɓa ta shugabanci majalisar wakilan ƙasar. Tsakanin hawanta da saukarta ba a yi sabon zaɓe ba. Mutanen nan dai su ne, a zauren nan dai. To, ta yaya 375 ta koma 200? Amsar tana cikin irin aikin da Mabunda ta shafe shekara goma sha uku tana yi wa Kabila.

A Kinshasa aka haife ta a 1964, amma tushen gidansu Bumba ne, wani gari a bakin kogin Kwango can arewacin ƙasar, ƙasar manoman shinkafa, a lardin da yanzu ake kira Mongala. A yankin ne ma ƙauyen Yambuku yake, inda aka fara gano cutar Ebola a 1976. Ta yi karatu a Beljiyam, ta haɗa fannin shari'a da na kasuwanci. A ƙarshen shekarun 1980 ta kama aiki a bankin Citibank na Kinshasa, ana dab da shiga zamanin da kuɗin Zaire, sunan ƙasar a lokacin, ya zama takarda. Da Laurent-Désiré Kabila, mahaifin Joseph, ya kori Mobutu a 1997, sai ya ɗauko Jean-Claude Masangu, wanda ya taɓa shugabantar wannan banki na Citibank, ya damƙa masa Babban Bankin ƙasa, Mabunda kuma ta zama mai ba shi shawara. A 2002 aka ba ta riƙon asusun gwamnati na bunƙasa masana'antu.

Manyan 'yan siyasar Kwango na zamaninta yawancinsu ta hanya biyu suka shigo. Wasu ta gangami da shan barkonon tsohuwa da gidan yari, irin mutanen jam'iyyar UDPS ta Étienne Tshisekedi, mahaifin Félix. Wasu ta daji da bindiga, irin waɗanda suka raba mulki bayan yaƙin 1998 zuwa 2003. Ita ta ƙofar banki ta shigo. Tana jin yaren Bankin Duniya, ta iya zama da jakadu, ga takardar Turai. Joseph Kabila kuwa mutum ne mai nauyin baki, ya tashi a Tanzaniya da Swahili da Turanci a bakinsa, mutanen Kinshasa masu jin Lingala ba su taɓa ɗaukarsa nasu ba. Irin wannan shugaba dole ya nemi masu yi masa magana. In aka bi muƙaman da ya ba ta ɗaya bayan ɗaya, za a ga duk ƙofar da aka matsa masa da ƙwanƙwasawa, ita yake tsayarwa a bakinta.

A Fabrairun 2007, cikin gwamnatin Antoine Gizenga, aka naɗa ta ministar kula da kamfanonin gwamnati da hannayen jarinta. Da Faransanci ana ce wa ma'aikatar Portefeuille, wato jakar kuɗi, sunan kuma ya dace. A ƙarƙashinta Gécamines yake, kamfanin haƙar jan ƙarfe da kobalt na Katanga, da SNEL na lantarki, da Regideso na ruwa, da SNCC na jirgin ƙasa. Kusan dukkansu sun zama ƙwarangwal a lokacin. Gécamines da ke fitar da kusan tan dubu 500 na jan ƙarfe a shekara a tsakiyar shekarun 1980, ya faɗo ƙasa da tan dubu 30 a farkon shekarun 2000, ma'aikata suna bin bashin albashi na watanni. Bankin Duniya ya matsa a yi gyara. A Yulin 2008 aka zartar da dokokin da suka ba da damar mayar da manyan kamfanonin gwamnati kamfanonin kasuwanci, masu cin gashin kansu da lissafin riba da faɗuwa, ko da yake gwamnati ce mai su. Mabunda ce ta riƙe wannan aiki har 2012.

A takarda gyaran yana da ma'ana. Sai dai a cikin waɗannan shekarun ne, tsakanin 2010 da 2012, aka sayar da wasu hannayen jarin gwamnati a mahaƙun Katanga ga kamfanonin ƙetare masu alaƙa da Dan Gertler, attajirin nan ɗan Isra'ila aminin Kabila, a farashin da bai kai darajarsu ba. Kwamitin da Kofi Annan ya jagoranta ya ƙiyasta a 2013 cewa a ciniki biyar kaɗai Kwango ta yi asarar dala biliyan 1.36. Asusun Lamuni na Duniya ya dakatar da shirinsa na ba ƙasar rance a ƙarshen 2012 saboda an ƙi bayyana abin da wata yarjejeniya ta ƙunsa, Amurka kuma ta ƙaƙaba wa Gertler takunkumi a 2017. Masu bin harkar ma'adinan Kwango sun daɗe suna nuna cewa a fada ake ƙulla irin wannan ciniki, a hannun na kusa da Kabila irin su Augustin Katumba Mwanke, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama a Bukavu a Fabrairun 2012. Ni a ganina wannan bai ɗora wa Mabunda laifin ba, bai kuma wanke ta sarai ba. Abin da ya nuna shi ne wurin zamanta a gidan: ita ce mai zaure, inda ake share ƙasa a shimfiɗa wa baƙi darduma a nuna musu takardun gyara. Cinikin kansa a ɗakin ciki ake yi.

A 2011 ta tsaya takarar majalisa a Bumba ta ci, ta sake ci a 2018. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga 'yar jam'iyyar PPRD ta Kabila, domin tsohon lardin Équateur, inda Bumba take, ƙasar Mobutu ce da Jean-Pierre Bemba, abokin hamayyar Kabila, kuma a zaɓen 2006 Bemba suka bi ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. Duk wanda ya iya kawo wa Kabila kujera daga can, darajarsa ta ƙaru. Ta kuma shugabanci reshen mata na jam'iyyar.

Aikin da ya fitar da sunanta waje ya fi na kamfanoni zafi. A 2010 wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin zarafin mata a fagen yaƙi, Margot Wallström, ta kira Kwango hedikwatar fyaɗe ta duniya, sunan kuma ya manne. A Nuwamban 2012, bayan 'yan tawayen M23 sun kama Goma, sojojin gwamnati da suka gudo suka sauka a garin Minova, suka huce haushin kashin da suka sha a kan matan yankin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mata da 'yan mata fiye da 130 da aka yi wa fyaɗe. Aka gurfanar da sojoji 39, amma a Mayun 2014 kotun soja ta samu biyu kacal da laifin fyaɗe. Duniya ta yi ca. Wata biyu bayan wannan hukunci Kabila ya ƙirƙiro sabon ofishi, na wakiliyar shugaban ƙasa ta musamman kan yaƙi da fyaɗe da sa yara aikin soja, ya ba Mabunda.

A nan sai mutum ya yi a hankali, don an yi aiki na gaske. An yi yekuwar da aka sa wa suna Brisez le silence, wato a daina shiru, don ƙarfafa wa mata gwiwar kai ƙara. A Nuwamban 2014 aka yanke wa Janar Jérôme Kakwavu ɗaurin shekara goma, ya zama janar na farko da kotun ƙasar ta samu da laifin fyaɗe. A 2015 kwamandojin soja suka sa hannu a kan alƙawarin hukunta duk wanda ya aikata haka a ƙarƙashinsu. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire sojojin Kwango daga jerin masu ɗaukar yara aikin soja, ko da yake ta bar su a jerin masu cin zarafi ta hanyar fyaɗe. A Disamban wannan shekara aka yanke wa wani ɗan majalisar lardi, Frédéric Batumike, ɗaurin rai da rai saboda fyaɗen da mayaƙansa suka yi wa ƙananan yara mata a Kavumu. Ba dukkan wannan ne aikin ofishinta ba. Shari'ar Kakwavu ta riga ofishin farawa, ta Kavumu kuma likitoci da lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi ne suka yi ta turawa. Amma samun mai kunnen shugaban ƙasa da ke maganar a fili ya sauya wani abu a barikin soja, inda a da ko ambaton maganar ba a yi.

Ɗaya gefen kuma ga shi. Diyyar da kotuna ke yanke wa matan da aka zalunta da wuya a biya ta. Gwamnatin da ta kafa wannan ofishi ita ce ba ta ga-maciji da Dakta Denis Mukwege na asibitin Panzi a Bukavu, mutumin da ya ɗinke dubban waɗannan mata, wanda ya tsallake rijiya da baya a wani hari da aka kai gidansa a 2012. A 2015 ma sai da aka hana nuna wani fim da aka yi a kan aikinsa na ɗan lokaci, wai yana ɓata sunan soja. Shekarun nan kuma su ne shekarun da Kabila ke neman hanyar zarcewa, ana harbin masu zanga-zanga a titunan Kinshasa. Gwamnatin da ke cikin wannan hali tana matuƙar buƙatar labari ɗaya mai daɗi da za ta kai New York da Geneva, Mabunda ce kuma mai kai shi.

Wa'adin Kabila ya ƙare a Disamban 2016, amma bai yi zaɓe ba sai 30 ga Disamban 2018. 'Yan Kwango suna kiran wannan jan ƙafa glissement, wato zamiya. Ɗan takarar da ya tsayar, Emmanuel Ramazani Shadary, na uku ya zo. Hukumar zaɓe ta ce Félix Tshisekedi ne ya ci. Cocin Katolika, mai 'yan sa ido kusan dubu 40, ta ce wannan sakamako bai yi daidai da abin da ta tattara ba, ɗan takarar adawa Martin Fayulu kuwa har gobe yana cewa shi aka yi wa fashi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a wannan rana da mutane suka ƙi ɗan takarar Kabila, wai sun ba ƙawancensa na FCC kujeru fiye da 300 cikin 500 na majalisa. Ƙawancen Tshisekedi da Vital Kamerhe, CACH, kimanin 50 ya samu.

Kundin tsarin mulkin Kwango na 2006 irin na Faransa ne: akwai shugaban ƙasa, akwai firaminista, kuma dole firaminista ya fito daga ɓangaren da ke da rinjaye a majalisa. Mutanen Nijar ba sa buƙatar dogon bayani a nan, sun ga irinsa a 1995, Mahamane Ousmane yana fada, Hama Amadou yana firaminista, aka yi ta zaman doya da manja har sojoji suka raba gardama a Janairun 1996. A Kwango sai aka yi wa abin suna ƙawancen FCC da CACH. Kabila ya koma gonarsa ta Kingakati da laƙabin jagoran FCC, ya bar wa Tshisekedi fada da tuta da jiniya. Firaminista nasa, Sylvestre Ilunga. Shugaban majalisar dattawa nasa, Alexis Thambwe Mwamba. Kusan kashi biyu cikin uku na ministoci nasa, haka yawancin gwamnonin larduna. Ilunga ɗan Katanga ne, Thambwe ɗan Maniema, duk gabas ke nan, don haka ko a lissafin rabon yanki ana buƙatar wani daga yamma ko arewa. Ga Mabunda 'yar Équateur, ga ta mace, ga ta da fuskar da jakadu suka sani. Ita kaɗai ce ma 'yar takara ranar zaɓen.

Wannan karon wanda ke ƙwanƙwasa ƙofar ba baƙo ba ne, shugaban ƙasa ne. Kujerar shugaban majalisa ita ce makulli. Shi ke tsara abin da za a tattauna, shi ke ba ƙuduri hanya ko ya kwantar da shi a aljihun tebur, a hannunsa kuɗin majalisa yake. Majalisar ce ke amincewa da mutanen hukumar zaɓe. Shugaban ƙasa ba ya rusa majalisa sai in akwai rikicin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakaninta da gwamnati, kuma sai ya tuntuɓi firaminista da shugabannin majalisun biyu. Sannan ga babban makami: in majalisun biyu suka haɗu, kashi biyu cikin uku suka yarda, ana iya gurfanar da shugaban ƙasa gaban kotun tsarin mulki bisa cin amanar ƙasa.

A Janairun 2020, Tshisekedi yana Landan yana jawabi ga 'yan Kwango mazauna can, ya ce in aka ci gaba da yi masa ƙafar ungulu zai iya rusa majalisa. Kwana kaɗan bayan haka Mabunda ta mayar masa da martani gaban 'yan jarida, ta tuna masa da sashe na 165, wanda ya ce keta tsarin mulki da gangan cin amanar ƙasa ne. A shari'ance tana da hujja, don babu wani rikici tsakanin majalisa da gwamnati, duk na Kabila ne. A siyasance kuwa daga ranar ta zama abokiyar gabar 'yan UDPS ta ɗaya. Kabila yana gona ba ya magana, ita ce ake gani.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa bin juna, kuma a ganina a nan FCC ta yi wa kanta. A Mayu aka tsige mataimakinta na ɗaya, Jean-Marc Kabund, wanda shi ne shugaban riƙo na UDPS, da ƙuri'u 289, bayan ya fito ya ce zaman haɗin gwiwar majalisun biyu da ake shirin kira zai ci dala miliyan bakwai. Da wannan suka nuna wa kowa cewa takardar ƙorafi da ƙuri'a sun isa su tumɓuke ɗan kwamitin shugabancin majalisa. An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A Yuni wasu 'yan FCC biyu, Aubin Minaku da Garry Sakata, suka kawo ƙudurorin da za su ƙara wa ministan shari'a iko a kan masu gabatar da ƙara, ministan kuwa nasu ne. Matasan UDPS da 'yan acaɓa suka yi wa majalisa ƙawanya kwana biyu. A farkon Yuli majalisar ta amince da Ronsard Malonda a matsayin shugaban hukumar zaɓe, mutumin da ke cikin manyan jami'an hukumar da ta gudanar da zaɓen 2018, alhali shugabannin addinai da ke da alhakin zaɓo shi ba su daidaita a kansa ba. Aka yi zanga-zanga, aka rasa rayuka, Tshisekedi ya ƙi sa hannu. Cikin wata uku Mabunda ta haɗa wa kanta UDPS da 'yan adawa da Cocin Katolika a sahu ɗaya.

Wasan da ya yanke hukunci kuwa a kotu aka yi shi. Ranar 17 ga Yuli, firaminista ba ya gari, Tshisekedi ya fitar da takardun naɗa sababbin alƙalai uku a kotun tsarin mulki mai alƙalai tara, ya sa ministan cikin gida, ɗan UDPS, ya sa hannu a madadin firaminista. FCC ta ce an keta doka. Ranar 21 ga Oktoba aka shirya rantsar da alƙalan a ginin majalisa. Mabunda da Thambwe da Ilunga suka ƙaurace. Aka rantsar da su ba da su ba. Barazanar cin amanar ƙasa tana da haƙora ne in kotun da za ta yi shari'ar taka ce. Daga ranar nan makamin da Mabunda ta nuna a Janairu ya zama sanda a hannun mai kallo. A wannan watan Yuli ne kuma Tshisekedi ya yi garambawul a rundunar soja, ya sauke Janar John Numbi, ɗaya daga cikin na hannun daman Kabila, ba kuwa abin da ya faru. 'Yan majalisa suna kallo, suna lissafi.

Su wane ne waɗannan 'yan majalisa? FCC ba jam'iyya ba ce, tarin jam'iyyu ne da ƙungiyoyi, a ƙasar da jam'iyyun da ke da rajista sun kusa 600 a lokacin. Tsintsiya ce, amma maɗaurinta ba aƙida ba ce, tsoron Kabila ne da sa ran muƙami. Alamun sakin maɗaurin sun bayyana tun da wuri. A Yulin 2019 Modeste Bahati Lukwebo, wanda ƙungiyarsa na cikin manyan FCC, ya bijire ya tsaya takarar shugabancin majalisar dattawa da Thambwe. Aka kore shi daga ƙawancen, amma a ƙuri'ar sirri ya samu 43, Thambwe 65, a majalisar da ake cewa kusan duk ta Kabila ce. A Yunin 2020 kuma aka yanke wa Kamerhe, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa kansa, ɗaurin shekara ashirin bisa zargin wawure kuɗi. Duk ɗan siyasar da ke da tsohon lissafi a wata ma'aikata ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta.

Ranar 6 ga Disamba, bayan makonni yana ganawa da manyan ƙasa, Tshisekedi ya sanar da mutuwar ƙawancen, ya ce zai nemi sabon rinjaye, in bai samu ba zai rusa majalisa. Ka ɗauki ɗan majalisar da ya ci bashi ya yi yaƙin neman zaɓe, bai cika shekara biyu yana karɓar albashi ba, wanda kuma shi kansa ya san yadda kujerar ta zo hannunsa a 2018. An ce masa ko ya sauya sheƙa ya ƙarasa wa'adinsa, wataƙila ma a ba shi minista, ko ya koma gaban masu zaɓe. Wannan ba zaɓi ba ne mai wuya.

Takardar ƙorafin da aka shigar ta shafi dukkan kwamitin shugabancin majalisa, tana zarginsu da rufa-rufa wajen kashe kuɗi da nuna ɓangaranci. Tunda ba a zama alƙali a shari'ar kai, sai aka kafa kwamitin wucin gadi ƙarƙashin ɗan majalisa mafi tsufa. Taƙaddama kan wa ke da ikon kiran zama, ita ko su, ita ce ta haifar da jifa da kujeru. Dattijon da ya jagoranci zaman, Christophe Mboso, mai shekara 78, tsohon ministan Mobutu, ɗan FCC ne shi ma. Mabunda ta zo ta kare kanta gaban zauren, aka yi ƙuri'ar sirri, aka ƙirga cikin dare. FCC ta yi ta kukan cewa da daloli aka sayi 'yan majalisa. Masu dogon tunani sai suka tuna Maris na 2019, lokacin da UDPS ta yi irin wannan kuka sak, bayan ta tashi ba sanata ko ɗaya a Kinshasa duk da wakilan da take da su a majalisar birnin, wadda ke zaɓen sanatocin.

Da makulli ya karye, gidan bai yi wata biyu ba. Bahati, wanda aka kora jiya, shi Tshisekedi ya ba aikin ƙirgo sabon rinjaye, ya kuwa kawo masa sunaye 391. Ranar 27 ga Janairun 2021 'yan majalisa 367 suka kaɗa wa Ilunga ƙuri'ar yanke ƙauna. A farkon Fabrairu Thambwe ya yi murabus, aka tabbatar wa Mboso kujerar Mabunda. Ashe ƙuri'u 375 ɗin nan ba ɓacewa suka yi ba, gida suka sauya, har da riba.

Akwai masu karanta labarin nan a matsayin na macen da maza suka taru suka kayar. Na fahimci dalilinsu. Sashe na 14 na tsarin mulkin ƙasar ya yi alƙawarin daidaito tsakanin maza da mata a hukumomi, an ma yi doka a kai a 2015, amma majalisar da ta shugabanta mata ba su wuce kusan ɗaya cikin goma ba. Sai dai Kabund namiji ne, Ilunga da Thambwe ma haka, kuma guguwa ɗaya ta kwashe su. Inda kasancewarta mace ya fi tasiri, a nawa karatun, shi ne wajen hawa. Tun Mobutu, wanda ya naɗa Sophie Kanza mace ta farko a gwamnati a 1966, shugabannin Kwango sun gane amfanin ɗora mace mai ilimi a wurin da duniya ke kallo. Matan suna da ƙwarewar, wannan ba a musu. Abin da ba a bari su mallaka shi ne jam'iyya tasu, da kuɗi nasu, da 'yan majalisar da za su bi su saboda su. Mabunda tana da Bumba, kujera ce ta gumin kanta. Sauran ƙuri'un na aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Abu ɗaya da za a ba ta shi ne ba ta bi ayarin masu tsallakawa ba a lokacin da tsallakawa ke da riba. Ta koma kujerarta ta 'yar majalisa a ɓangaren da ya zama na adawa dare ɗaya. FCC ta ƙaurace wa zaɓen 2023, wanda Tshisekedi ya lashe da kashi 73 cikin ɗari. A Afrilun 2024 ya naɗa Judith Suminwa, ita ma masaniyar tattalin arziki da ta yi aiki da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mace ta farko firaminista, a daidai lokacin da M23 ke sake tunkarar Goma. A 2025 gwamnati ta dakatar da PPRD, kotun soja kuma ta yanke wa Kabila hukuncin kisa a bayan idonsa bisa zargin haɗa baki da 'yan tawaye.

Kamerhe, wanda Kabila ya tilasta wa sauka daga shugabancin majalisa tun a 2009, an wanke shi a 2022, ya koma kan kujerar a Mayun 2024. A Satumban 2025 wasu 'yan majalisa, akasarinsu na jam'iyyar shugaban ƙasa, suka tattara sa hannu a kansa, ya yi murabus kafin a kai ga ƙuri'a. Cikin zarge-zargen da ke takardar har da rufa-rufa wajen kashe kuɗin majalisa.